Bitamin da sinadarai za su iya sauke sukarin mai juna biyu?

Tambaya: "Likita, cikina ya shiga mako na 27. A wurin awo an ba ni ruwan sukari na sha, aka ɗebi jinina, aka ce ina da ciwon sukari na juna biyu. Awon da nake yi da safe kafin in ci komai yana kaiwa 100 zuwa 105. Na karanta cewa bitamin D, magniziyam, zink da inositol suna sauke sukari. Gaskiya ina tsoron allurar insulin ƙwarai. In na dage da shan waɗannan ƙwayoyin, za su ishe ni?"

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya raba lafiya. Bari in ba ki amsar tun da wuri, don kada ta ɓace a cikin dogon bayani: ba za su ishe ki ba. Babu wani bitamin ko sinadari na cikin kwalba da aka tabbatar zai tsaya a madadin gyaran cin abinci, motsa jiki, da magani idan an kai ga buƙatarsa. Amma ban ce ki zubar da duk ƙwayoyin da ke hannunki ba. A cikinsu akwai waɗanda ke da jaririnki kuke matuƙar buƙata, akwai waɗanda ba za su ƙara ki da komai ba, akwai kuma 'yan kaɗan da za su iya yi muku illa. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai kin fara sanin inda sukarin nan ya samo asali.

Mabiyiya ba bututun abinci ba ce kawai. Daga tsakiyar goyon ciki takan riƙa fitar da wasu sinadaran homon waɗanda aikinsu shi ne su sa jikin uwa ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, domin sukari ya ɗan daɗe a jini jariri ya samu rabonsa. Kowace mai ciki haka jikinta yake yi. A yawancin mata, fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, sai ta ninka aikinta ta cike giɓin, babu ma wanda zai san an yi. A wasu matan kuwa gaɓar ba ta iya cim ma buƙatar, sai sukari ya taru. Shi ya sa ake yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28, lokacin da mabiyiya ta yi ƙarfi. Kuma ki lura da wannan: mabiyiya ba ta gama girma ba. Nan da makonni masu zuwa taurin kan da jikinki ke yi wa insulin ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba. Ba rashin bitamin ne ya kawo ciwon ba, ba kuma wani laifi kika yi ba.

Sai ɓangaren jariri, wanda shi ne abin da ya fi damuna. Sukarin da ke jininki yana ƙetare mabiyiya ya shiga jininsa, amma insulin ɗinki ba ya ƙetarewa. To sai fankiriyas ɗin jaririn ya shiga aikin da bai kai shekarunsa ba, ya riƙa zuba insulin don ya kwashe sukarin da ke kwarara. Insulin kuwa a jikin ɗan tayi abin sa girma ne: kitse ya taru a kafaɗu da ciki, nauyi ya haura kilo 4, haihuwa ta zo da gardama, wani lokaci kai ya fito kafaɗa ta maƙale. Da zarar an yanke cibiya, sukarin uwa ya tsaya, amma insulin ɗin jaririn yana nan da yawa, sai nasa sukarin ya faɗi. Na sha tsayawa a kan irin waɗannan jarirai. Za ki gan shi ƙato, jajir, kowa na yaba girmansa, amma hannuwansa na 'yar karkarwa, an sa masa nono ya kasa kamawa, ana ta huda masa dunduniya ana auna jini, uwar na kwance tana bin kowa da ido. Mafi yawansu suna warwarewa, amma wahala ce da sau da yawa ana iya kauce mata.

Ba hasashe ake yi ba a nan. A 2008 an fitar da sakamakon wani babban bincike da ake kira HAPO, wanda ya bi mata fiye da 23,000 a ƙasashe 9. Ya nuna cewa duk ɗan hawan da sukarin uwa ya yi, nauyin jariri da insulin ɗin da ke jikinsa su ma hawa suke yi, ko da sukarin bai kai na cikakken ciwon sukari ba. Kafin shi, a 2005, wani bincike da aka gudanar akasari a Ostireliya kan mata 1,000 ya gano cewa kula da ciwon yadda ya kamata, da shawarar abinci da awon jini da insulin ga mai buƙata, ya rage munanan matsalolin jarirai daga kashi 4 cikin 100 zuwa kashi 1. Babu wani bitamin da ke da hujja mai nauyin wannan.

Lambobin da ake so ki riƙe su ne: da safe kafin cin abinci ƙasa da 95, awa ɗaya bayan fara cin abinci ƙasa da 140, awa biyu bayansa ƙasa da 120. In na'urarki da ɗaya ma'aunin take ƙirga, wato 5.3 da 7.8 da 6.7 ke nan. Naki na safe, 100 zuwa 105, ya ɗan haura. Ba abin firgita ba ne, amma ba kuma abin a zuba wa ido a jira kwalba ta yi aiki ba ne.

Yanzu ga ƙwayoyin da nake so ki ci gaba da sha, ko da yake babu ɗaya a cikinsu da ke sauke sukari.

Na farko folik asid. Aikinsa shi ne kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, kuma bututun da ke zama lakka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. Ga kowace mace ana so maikurogiram 400 a rana. Amma macen da ta shigo ciki da ciwon sukari tun asali, nau'i na ɗaya ko na biyu, haɗarin nakasar ya fi yawa a wurinta, shi ya sa a Birtaniya ake rubuta mata miligiram 5 a rana tun kafin ta ɗauki ciki har zuwa mako na 12. Ke da naki ya bayyana a mako na 27 ba kya buƙatar wannan babban adadi yanzu, 400 ɗin da ke haɗe da maganin ƙarin jini ya wadatar. Na faɗa ne don ki ajiye a ranki saboda ciki na gaba, musamman idan sukarin bai tafi ba bayan haihuwa.

Sai maganin ƙarin jini, wato sinadarin ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 a rana tare da folik asid, kuma in awon jininta ya gaza 11 ana ɗaukarta a matsayin mai ƙarancin jini. Akwai wata alaƙa da sukari da ba kowa ya sani ba: ƙarancin sinadarin ƙarfe yana iya sa gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin watanni biyu zuwa uku, ya fito sama da gaskiyarsa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a lokacin goyon ciki muka fi dogara da hudar yatsa ta kullum. A ɗaya gefen kuma, binciken bin diddigi ya nuna matan da ƙarfe ya yi yawa a ajiyar jikinsu sun fi kamuwa da sukarin juna biyu. Wannan bai tabbatar da cewa ƙarfen ne sanadi ba, amma ya isa ya hana mace ninka wa kanta magani don wai jini ya ƙaru da sauri. Ki sha adadin da aka rubuta miki. Kada ki haɗa shi da kalsiyam ko shayi ko madara a lokaci guda, don suna hana hanji tsotse shi, ki ba da tazarar kamar awa biyu. In yana sa ki tashin zuciya ko taurin bayan gida, ki faɗa a sauya miki iri ko lokaci, kada ki daina a ɓoye.

Kalsiyam yana da nasa muhimmancin ta wata hanya. Mai sukarin juna biyu ta fi sauran mata haɗarin hawan jinin ciki, wanda in ya tsananta yake kai wa ga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 1.5 zuwa 2 na kalsiyam a rana ga masu ciki a cikin al'ummar da abincinsu ba ya ɗauke da isasshen kalsiyam, don rage wannan haɗari. A rarraba shi ake sha, tare da abinci. Ko kina cikin masu buƙatarsa, wannan ya danganta da abin da kike ci, kuma likitanki ne zai duba. Aidin ma haka, ƙwaƙwalwar jariri na buƙatarsa, kimanin maikurogiram 250 a rana idan an haɗa na abinci da na ƙwaya. Bitamin B12 kuwa sai an kula da shi wurin macen da ba ta cin nama da ƙwai da madara, da wadda ta daɗe tana shan ƙwayar maganin ciwon sukari ta metformin, domin shi metformin yana rage shigar B12 jiki idan aka jima a kansa.

To mu dawo kan waɗanda kika tambaya. Bitamin D shi ne wanda aka fi yi wa talla, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Gaskiya ne an sha gano cewa matan da ke da sukarin juna biyu bitamin D ɗin jininsu ya fi ƙasa. Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Ƙiba, alal misali, tana rage bitamin D da ke yawo a jini domin kitse na riƙe shi, kuma ita dai ƙibar tana kawo sukari. Ana iya samun mace da duka biyun alhali ƙibar ce uwar tafiya. Hanyar gane gaskiya ita ce a raba mata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu bitamin, a ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta, a ga bambanci. An yi hakan a ƙasashen Turai da mata masu ƙiba, aka ba su raka'a 1,600 a rana, wato da ma'aunin IU da ake rubutawa a jikin kwalbar bitamin. Bitamin ɗin jininsu ya hau, amma abin da sukarin safe ya sauka ɗan ƙanƙane ne, bai kai a ce an yi maganin komai ba.

Akwai wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane da ke tattara dukkan gwaje-gwajen da aka yi kan magani ɗaya ta auna nauyinsu. A 2019 ta ce mai yiwuwa bitamin D yana rage kamuwa da sukarin juna biyu, kuma wannan maganar ce har yau ake ta yawo da ita a intanet. A 2024 suka sake zama, suka tace binciken da ma'aunin amana, suka cire guda 21 da suka gaza cika sharaɗi. Da aka duba abin da ya rage, sai hujjar ta zama mai rauni ƙwarai. Ki kuma lura cewa duk wannan muhawarar kan rigakafi ce, ba kan warkar da wadda ciwon ya riga ya kama ba. Hukumomi ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: Birtaniya na ba kowace mai ciki shawarar raka'a 400 a rana, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta ce a ba kowa da kowa ba. Ni a nawa ganin, raka'a 400 zuwa 600 da ke cikin ƙwayar masu ciki abu ne mai kyau saboda ƙashinki da na jariri. In gwaji ya nuna kina da ƙaranci, a cike miki shi da adadin da likita ya tsara. Amma kada ki haura raka'a 4,000 a rana da kanki, domin bitamin D taruwa yake yi a jiki, in ya yi yawa yana ɗaga kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda.

Inositol shi ne wanda ni kaina na fi sa wa ido, don yana da ɗan abin faɗa. Ba bitamin ba ne a haƙiƙa, jiki na haɗa shi da kansa, kuma yana cikin masu isar da saƙon insulin a cikin ƙwayoyin halitta. Likitoci a Italiya sun gwada giram 2 sau biyu a rana ga mata masu haɗari, tun daga farkon ciki, suka ga kamuwa da ciwon ya ragu. Da aka gwada a Ayalan da ƙaramin adadi, ba a ga raguwa ba. Sai wani babban gwaji na 2021 a Ingila da Singafo da New Zealand, mai mata 1,729, inda aka haɗa inositol da wasu bitamin da ƙwayoyin hanji masu amfani aka fara ba su tun kafin ɗaukar ciki: sukarin bai sauka ba, ko da yake haihuwar bakwaini ta ragu. Da Cochrane ta tattara gwaje-gwajen a 2023, ta ce akwai alamar amfani amma tabbacin ƙarami ne, kuma kusan duk binciken daga ƙasa ɗaya ya fito. Nan ma maganar rigakafi ce da ake farawa tun watannin farko. Ke kina mako na 27, ciwon ya riga ya zo. Ba a ga wata illa babba tattare da shi ba, amma in kin sha shi kina jiran ya sauke miki 105 zuwa 90, lokaci za ki ɓata.

Magniziyam da zink da sileniyam zan haɗa su wuri ɗaya, don labarinsu iri ɗaya ne. Gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su ƙanana ne, yawanci mata sittin ko saba'in, na tsawon mako shida, kuma abin da suka auna lambobin jini ne, ba yadda haihuwa ta kasance ko lafiyar jariri ba. Da yawa daga cikinsu daga rukunin masu bincike ɗaya suka fito, kuma daga baya mujallu sun janye wasu saboda shakku kan alƙaluman. Kowannensu kuma yana da iyaka. Magniziyam na ƙwaya in ya wuce miligiram 350 a rana yakan kawo gudawa, kuma haɗari ne ga mai ciwon ƙoda. Zink in ya wuce miligiram 40 a rana aka daɗe ana sha, yana hana jiki tsotsar sinadarin tagulla, abin da kan kawo wani ƙarancin jinin. Sileniyam ma abin mamaki ne: a wani gwaji a Amurka, manyan da aka ba maikurogiram 200 a rana na tsawon shekaru sun fi waɗanda ba a ba kamuwa da ciwon sukari nau'i na biyu. Kuromiyam kuwa, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ba ta ga hujjar ba da shi ba ko ga wanda ba shi da ciki.

Bitamin C da E an taɓa sa musu rai sosai. A 2010 aka gwada su kan mata 762 masu ciwon sukari nau'i na ɗaya a Birtaniya, miligiram 1,000 na C da raka'a 400 na E kowace rana, don a ga ko za su hana hawan jinin ciki. Ba su hana ba. Ƙari a kan haka, bitamin C mai yawa, sama da miligiram 500 a rana, yana ruɗa wasu na'urorin awon sukari da ake mannawa a dantse, su nuna lamba sama da gaskiya. Ƙwayoyin hanji masu amfani da ake sayarwa a kafso su ma ba a tabbatar suna hana sukarin juna biyu ba, har ma tattarawar Cochrane ta 2021 ta ga hawan jinin ciki ya ƙaru a cikin masu shan su.

Akwai wata mata da ba na mantawa da ita. Ta zo a wata na takwas, na tambaye ta me take sha, sai ta zuge jaka ta juye a kan teburina: kwalabe bakwai. Muka zauna muna juya bayan kowace muna karanta ƙananan rubutun nan. Ƙwayar masu ciki iri biyu, wani bitamin na gyaran gashi da fata, man hantar kifi, wani ruwa mai zaƙi na ƙarin jini, da wasu biyu masu hoton ganye da aka rubuta suna daidaita sukari. Uku daga ciki duk suna ɗauke da bitamin A. Littafin awonta kuwa makonni uku babu rubutu ko ɗaya, ta daina hudar yatsa don ta sakankance ƙwayoyin na aiki. Ba sakarya ba ce, mace ce mai son ɗanta, wadda tsoron allura ya tura ta inda aka yi mata alkawarin sauƙi. Da muka auna a ranar, awa biyu bayan karin kumallo, 168 muka samu. Makonni ukun nan su suka fi ba ni takaici, fiye da kwalaben, domin a cikinsu jaririn bai daina girma ba.

Bitamin A ɗin nan ki kiyaye shi. Nau'insa da ake kira retinol, in ya haura raka'a 10,000 a rana, an danganta shi da nakasar jarirai, musamman a watannin farko. Shi ya sa ake hana mai ciki man hantar kifi da yawan cin hanta, da kuma haɗa ƙwayoyin bitamin iri biyu. Nau'in beta-karotin da ke cikin kayan lambu ba shi da wannan matsalar. Ki kuma duba bitamin masu kama da alewa da na ruwa masu zaƙi: galibi da sukari ake haɗa su, kuma masu kama da alewar yawanci babu sinadarin ƙarfe a cikinsu. Haɗe-haɗen ganye da ake cewa suna sauke sukari kuwa ki nisance su gaba ɗaya. Wasu na ɗauke da berberin, wanda ake hana masu ciki da masu shayarwa saboda yana iya tsananta ciwon shawara ga jariri. Kuma kada kyawun kwalba ya ruɗe ki. A Amurka, inda da yawansu ke fitowa, dokar 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya tabbatar ƙarin abincinsa na aiki kafin ya kai shi kasuwa ba, saɓanin yadda ake yi wa magani. Kalmar "na halitta" da ke jikin kwalba ba shaidar aminci ba ce.

Na san ainihin tambayarki ba kan zink ba ce, kan allura ce, don haka bari mu yi maganarta a fili. Abu na farko da zai kwantar miki da hankali: kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na matan da aka gano da wannan ciwo suna daidaita sukarinsu da abinci da motsa jiki kawai. Ba yunwa ake so ki zauna da ita ba, jariri na buƙatar abinci, kuma ba a so mai ciki ta yanke abinci mai sitaci gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne ki rage yawansa a zama ɗaya, ki rarraba shi sau uku da 'yan ciye-ciye biyu ko uku a tsakani, ki haɗa shi da kayan lambu da abinci mai gina jiki, ki bar lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Karin kumallo shi ya fi saurin ɗaga sukari, ki sa sitacinsa ya fi na sauran ƙanƙanta. Bayan kowane cin abinci ki tashi ki yi tattaki na minti 10 zuwa 15, domin tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin bai wadata ba. Ki auna sau huɗu a rana, da safe da kuma bayan kowane babban abinci, ki rubuta lambar da abin da kika ci a gefenta. Cikin 'yan kwanaki ke da kanki za ki gane abincin da ke ɗaga miki shi.

Sai dai zan gaya miki gaskiya: lambar safe ita ce ta fi taurin kai. Ba abin da kika ci ba ne kawai ke ɗaga ta, hanta ce ke sakin sukari cikin dare, kuma homon ɗin mabiyiya na zuga ta. Wasu matan ɗan abin taɓawa mai gina jiki kafin barci da tattakin bayan abincin dare yana taimaka musu, wasu kuwa duk ƙoƙarinsu lambar ba ta sauka. Ƙa'idar da ake bi ita ce a gwada abinci da motsa jiki mako ɗaya zuwa biyu, in lambobin ba su shiga layi ba a ƙara magani. In hakan ta faru gare ki, ba gazawarki ba ce, mabiyiyarki ce ta fi ƙarfin fankiriyas ɗinki.

Maganin iri biyu ne. Metformin ƙwaya ce, ana amfani da ita a ƙasashe da dama, amma tana ƙetare mabiyiya ta kai ga jariri, kuma a babban gwajin da aka yi mata a Ostireliya da New Zealand a 2008, kusan rabin matan da suka fara da ita sai da aka ƙara musu insulin. Insulin kuwa, wanda kike tsoro, shi ne wanda ba ya isa wurin jariri ko kaɗan, shi ya sa likitoci a Amurka suka sa shi a gaba. Allurarsa ta yanzu a jikin wani abu mai kama da biro take, tsininta milimita 4 ne, siririya kamar gashi, ƙarƙashin fata kawai take shiga, ba ta kusantar mahaifa. Matan da na koya wa ita, mafi yawansu in sun yi ta farko sai su ɗago su ce, "Shi ke nan?" Hudar yatsar da kike yi kullum ta fi ta zafi. Ga mai matsalar safe kaɗai, sau da yawa allura ɗaya ce kafin barci. Ba ta zama jaraba, ba ta kuma mayar da ciwon na dindindin, yawancin mata ranar da mabiyiya ta fita ranar suke ajiye ta.

In kin je awo na gaba, ki tafi da littafin lambobinki da duk kwalaben da kike sha, har wanda wata ta ba ki kyauta, a karanta su tare da ke a cire masu maimaita juna. In kin ga lambar safe na ta haura 95 har mako ya zagayo, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma da wuri. Haka in motsin jariri ya ragu, ko kika ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe, ko fuska da hannu suka kumbura farat ɗaya, wannan na ranar ne, ba na gobe ba. Bayan haihuwa kuma, tsakanin mako 4 zuwa 12, ki koma a sake ba ki ruwan sukarin nan a gwada, sannan ki riƙa dubawa duk shekara ɗaya zuwa uku, domin wadda ta yi sukarin juna biyu haɗarin ta kamu da nau'i na biyu ya ninka na sauran mata sau bakwai ko fiye. Shayarwa na rage wannan haɗarin, kuma a lokacinta ma za ki ci gaba da ƙwayar masu ciki guda ɗaya da aka zaɓar miki.